Babi na 6: Tiriftofan da ciwon suga

Darasi na 1

Toh iyayena da yayyena, a buɗe littafin rubutu, a feƙe fensir. Kalmar farko ita ce tiriftofan, ku karanta ta gaɓa-gaɓa, ti, rif, to, fan, sai ku rubuta sau uku. Kar tsawonta ya ba ku tsoro, a hankali za ta zauna a baki. Wani ɗan sinadari ne da ke cikin abinci mai furotin irin su nama da ƙwai da madara da kifi da wake, kuma jiki ba ya iya haɗa shi da kansa, dole sai an ci. A 1901 Frederick Hopkins da Sydney Cole suka gano shi a Ingila.

Kalma ta biyu insulin. Wata 'yar gaɓa ce a bayan tumbi ke fitar da shi, likitoci na ce mata fankiriyas, aikinsa kuma ya shigar da suga daga jini zuwa tsoka da sauran jiki. Wani lokacin insulin ɗin yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa, sai suga ya tsaya a jini, fankiriyas ta yi ta ƙarowa har ta gaji, toh daga nan ake faɗawa ciwon suga nau'i na 2.

Darasi na 2

Yanzu ku ɗiga ɗigo a tsakiyar shafi, tsakiya fa, ba gefe ba, ku ja layi uku daga jikinsa, ɗaya mai kauri biyu sirara. Ɗigon nan shi ne tiriftofan bayan an ci, layukan kuma hanyoyin da yake bi. Mai kaurin ita ce babbar hanya, kusan kashi 95 cikin 100 nan yake bi, yawanci a hanta, ya zama wani abu mai suna kainurenin, a can ƙarshe jiki ya samu abin da bitamin B3 ke ba shi. Siririn layi na farko ɗan kaɗan ne ke binsa ya zama wani sinadari mai suna sirotonin, daga shi a samu melatonin mai taimakon barci. Na biyun kuma ƙananan halittun cikin hanji ne ke juya tiriftofan ɗin ya zama wani sinadari mai suna indol.

Idan kitse ya taru, musamman teɓa, akwai wani kumburi na cikin jiki da ido ba ya gani, shi ke ƙara tura tiriftofan babbar hanyar nan fiye da ƙima, yawan damuwa ma na ƙara wa hanta saurin wannan aikin. Shi ya sa in an auna jinin masu ƙiba da waɗanda jikinsu ba ya jin insulin, sau da yawa sai a ga kainurenin ya hau. In kuma bitamin B6 ya yi ƙasa, aikin sai ya karkace a tsakiya, wani sinadarin daban ya taru. Abin da aka auna shi ne waɗannan sinadaran suna tafiya tare da ciwon suga.

Nan ne ake tuntuɓe, dan Allah a nutsu. Tiriftofan ba ciwo ba ne. Ku maimaita a bayyane, tiriftofan ba ciwo ba ne, jiki na buƙatarsa kullum. Ku ɗora yatsa kan ɗigon, wannan ba shi da laifi, yanzu ku ja yatsan zuwa layi mai kauri, toh nan muke magana, yawan da kumburi ke turawa can. Ku sake, ɗigo lafiya lau, layi ne abin dubawa. Wanda bai gane ba ba komai, a sake daga ɗigon, kowa a haka ya fara.

Amma gaskiya ina duba littattafai in tarar an rubuta “tiriftofan na kawo suga” da manyan baƙi har da jan layi a ƙasa, wata baiwar Allah ma ta koma gida ta daina cin ƙwai ta hana mijinta madara, wai malam ya faɗa. Ni ban faɗa ba! Haba jama'a, lafiyarku ce fa, bai kamata ana bayani ana hira a baya ba. A goge, a rubuta daidai: tiriftofan ba ciwo ba ne.

Darasi na 3

Hanyar hanji akwai alheri a cikinta. Wani bincike a Finlan da aka fitar a 2017 ya nuna masu yawan wani nau'in indol a jini ba su cika kamuwa da ciwon suga nau'i na 2 ba, kuma su ne masu cin abinci mai ɓawo da dusa sosai. Motsa jiki ma na sa tsoka ta rage kainurenin, ta kuma fi jin insulin.

Darasi na 4

Kar a sayi ƙwayar tiriftofan a sha ba da izinin likita ba, balle mai shan maganin damuwa. A 1989 a Amurka sama da mutum 1,500 suka kwanta ciwo ta dalilin irin ƙwayar nan, wasu suka rasu.

Darasi na 5

Aikin gida: a sake zana ɗigo da layi uku, a rubuta sunan kowanne. Mai teɓa ko mai yawan ƙishi da fitsari ya je a auna masa suga.