Yadda mawaƙi ke tsayar da sana'arsa a Kanada

Kafin a fita daga situdiyo, ranar da aka gama waƙa, a ɗauko takarda a rubuta sunan duk wanda ya sa hannu a kiɗa ko baiti, da kason kowa cikin ɗari, kowa ya sa hannu. Yawancin rigimar kuɗin waƙa daga rashin wannan takarda take tasowa. Idan mutum biyu suka yi rajistar waƙa ɗaya da kaso mabambanta, har jimillar ta wuce ɗari, riƙe kuɗin ake yi sai sun daidaita, kuma abokai ba sa saurin daidaitawa bayan waƙa ta yi kasuwa.

Kowace waƙa tana da haƙƙi iri biyu a dokar Kanada: na wanda ya tsara kiɗa da baiti, da na sautin da aka naɗa. Ƙungiyoyin da ke karɓo kuɗinsu daban-daban ne, kuma babu wadda za ta yi maka rajista da 'yar'uwarta.

Marubucin waƙa ya fara da ƙungiyar SOCAN, wadda aka kafa a 1990. Ita ke karɓar kuɗi daga gidajen rediyo, talabijin, wuraren casu da manhajojin sauraro, ta raba wa mambobinta sau huɗu a shekara. Zama mamba kaɗai ba ya kawo ko sisi, sai ka shigar da kowace waƙa da sunanta da kasonta. Wasan dandali ma ana biyansa, amma sai ka tura jerin waƙoƙin da ka rera tare da shaida kamar tikiti ko fosta, cikin shekara guda. Sabbin mawaƙa sun fi yin asara a nan, don sun ɗauka abin da mai wuri ya danƙa musu a daren shi ke nan. Kuɗin kwafar waƙa da sauke ta kuwa, ƙungiyar CMRRA ke bi, ko sashen SOCAN mai wannan aiki. Ka zaɓi ɗaya.

Kuɗin da ake biya idan an sanya sautin da aka naɗa a rediyo ko wuraren jama'a, ƙungiyar Re:Sound ke karɓowa. Rabi na mai faifan ne, rabi na waɗanda suka rera ko suka kaɗa, kuma masu rerawa na karɓar nasu ta ƙungiyoyi irin su ACTRA RACS da Artisti. Idan kai ka biya kuɗin situdiyo da aljihunka, kai ne mai faifan, don haka ka yi rajista ta ɓangarorin biyu. Ka kuma adana lambar ISRC, wato lambar shaida mai harufa da lambobi 12 da kamfanin rarrabawa ya ba kowace waƙa. In ka sauya kamfani, da tsohuwar lambar za ka tafi, in ba haka ba lissafin sauraronka ya rabu gida biyu.

Sai batun rediyo, inda Kanada ta bambanta da Amurka ƙwarai. Tun 1971 hukumar CRTC mai kula da kafafen watsa labarai ta wajabta wa gidajen rediyo sanya waƙoƙin gida, kuma a yau kashi 35 cikin ɗari ne ga yawancin tashoshin kasuwanci. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa MAPL. M na nufin ɗan Kanada ne ya tsara kiɗan, A shi ne ya rera, P an naɗi waƙar gaba ɗaya a cikin ƙasar, L kuma shi ya rubuta baitin. Kowanne maki ɗaya ne, kuma biyu cikin huɗu ake bukata kafin a lissafa waƙa a matsayin ta gida. Mai takardar zama na dindindin yana shiga lissafin ɗan ƙasa, haka wanda Kanada ce mazauninsa a wata shida kafin aikin.

Wannan ma'auni ya taɓa kama babban kifi. A 1991 kundin Bryan Adams, haifaffen Kanada, bai cika sharaɗi ba, saboda ya rubuta waƙoƙin ne da Mutt Lange wanda ba ɗan ƙasa ba, ba a kuma naɗe su gaba ɗaya a cikin ƙasar ba. Maki ɗaya ya samu, na rerawa. Bayan hayaniyar da ta biyo baya aka gyara doka: wanda ke da aƙalla rabin kiɗa da rabin baiti tare da baƙo yana samun maki guda. Saboda haka idan za ka yi aiki da furodusa na Legas ko Landan, ka lissafa makinka tun kafin a raba kaso, sannan ka sa tambarin MAPL a jikin abin da ka aika wa tashoshi. Mai tsara shirye-shirye ba zai zauna yana binciken asalinka ba.

Tallafin kuɗi na zuwa daga gidauniyar FACTOR, wadda ta fara a 1982, ga masu Turanci, da Musicaction ga masu Faransanci. Akwai kuma majalisar fasaha ta ƙasa, ta tun 1957, da na larduna. Wani ɓangare na kasafi suke biya, sauran kai za ka nemo. Abin da ke kayar da mutane sananne ne: kashe kuɗi kafin a miƙa takardar nema, biyan makaɗa hannu da hannu ba rasit, mantawa da tambarin mai tallafi a bangon kundi, da ƙin tura rahoton kammalawa, wanda ke iya toshe nema na gaba. Alƙalan kuma sun fi yarda da ƙaramin shiri mai ranaku da farashi na gaskiya a kan dogon buri.

Lambar yabo ta Juno, ta mawaƙan Kanada, sai ka miƙa aikinka cikin wa'adi. Ta Polaris, da aka fara a 2006, 'yan jarida da masu shirye-shirye ne ke zaɓa bisa ingancin kundi, ba yawan ciniki ba. Debby Friday, haifaffiyar Najeriya, ta ci ta a 2023 da kundinta na farko.

Kasuwar Kanada ƙarama ce, garuruwanta kuma nesa da juna, shi ya sa kusan kowa ke hangen Amurka. Wasan kuɗi a can sai da bizar aiki. Mafi yawa P-2 suke nema ta ƙungiyar ƙwadagon makaɗa, kuma ana buƙatar kwantiragin wuraren wasa a rubuce. A miƙa da watanni a gaba, domin jami'in kan iyaka na iya mayar da mota cike da kayan kiɗa idan takardar ba ta iso ba.