Yadda nake auna girman galaksi, daga Andromeda zuwa na can nesa

Da kaka, ruwa ya ɗauke kuma hazo bai sauko ba, nakan fita bayan gari da ɗalibaina mu nemi Andromeda ta wajen arewa. Da ido, ɗan fari-fari ne kamar an yagi auduga. Amma galaksi ce sukutum, dandazon taurari, kuma da ita nake koya musu awo.

Abu biyu kake bukata: faɗin da ta ci a sama, da nisanta. Miƙe hannunka, ƙaramin yatsanka zai rufe kusan digiri 1. Cikakken wata rabin digiri ne kacal. A hoton da aka bar kyamara ta daɗe tana shan haske, Andromeda ta kai digiri 3, wata shida a jere ke nan. Nisanta kuwa tafiyar haske ce ta shekara miliyan 2.5. Masanin taurari Edwin Hubble ne ya kamo bakin zaren auna nisanta a 1923, da ya gano wani tauraro a cikinta mai ƙara haske yana ragewa bisa ƙa'ida, irin wanda ake gane nisa da shi. Ninka nisan sau 3, wato digirin da ta ci a sama, ka raba da 57.3, lambar da ake amfani da ita in awon da digiri ne, za ka samu faɗinta kusan shekarun haske 130,000.

Nan wata ɗaliba ta taɓa ƙure ni. "Malam, to a ina ta ƙare?" Galaksi ba ta da katanga. Haskenta dusashewa yake yi sannu a hankali, kowace kyamara da inda ganinta ya tsaya. Shi ya sa masana ke zana da'ira daga tsakiya, su yi ta faɗaɗa ta har ta ƙunshi rabin hasken duka, sai su auna ta. Wannan awon na fi yarda da shi.

In tarihi kake so, nemi hotunan na'urorin hangen nesa da ke sararin samaniya: Hubble, ko kuma James Webb da aka harba a Disamba 2021. Hasken da ya yi shekara biliyan 10 a hanya, ƙuruciyar galaksi yake nuna maka. Ka kwatanta masu nauyi ɗaya kawai. Manyan da suka daina haihuwar taurari tun lokacin, faɗinsu wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa biyar ne na takwarorinsu na yau, kuma akasarin masana na ganin haɗiye ƙananan makwabta ne ya kumbura su.

Sai dai ka kula, sararin samaniya buɗewa yake yi. Nisan da za ka saka a lissafi shi ne na lokacin da hasken ya taso, ba na yau ba. Buɗewar tana kuma dusasar da gefunan galaksi: in zangon hasken, wato tsawon igiyarsa, ya miƙe ninki biyu a hanya, hasken fuskarta ya ragu sau 16.