In lasisin fakej ya rikice maka, ga yadda nike warware shi

Watan jiya ina haɗa ma wani mai kemis a Ƙofar Ƙaura ƴar manhajar lissafin magani, na ɗauko fakej (kod ɗin da wani ya riga ya rubuta ya saki) na buga rasit a GitHub, shafin da ake aje kod, sai da aiki ya yi nisa na lura README, fayil ɗin bayanin fakej ɗin, ya ce lasisinshi (sharaɗin amfani da shi) MIT ne, fayil ɗin LICENSE kuma GPL ne a ciki, package.json, fayil ɗin saitin fakej ɗin, shi kuma ya ce ISC, lasisin da npm, manhajar sauke fakej, ke sakawa da kanshi in mutum bai canza ba. Bakuna uku kan kaya ɗaya, wanne zan bi?

Da farko dai ka cire ma ranka cewa duk kod ɗin da ke fili na kowa ne. Haƙƙin mallaka na hawa kan aiki tun ranar da aka rubuta shi, ba sai an yi rajista ba, kuma dokarmu ta 2022 da Buhari ya sa ma hannu a 2023 ta haɗa har da manhajar kwamfuta. In babu lasisi sam, to babu izini, shirun mai kaya ba yarda ba ne.

Sai ka shiga bincike, ka buɗe LICENSE ko COPYING, ka leƙa saman fayilolin ɗaya bayan ɗaya don wani lokacin an kwaso kod ɗin wasu an cusa da nashi sharaɗin daban, sannan git log, umarnin da ke fiddo tarihin canje-canjen aikin, zai nuna maka ranar da aka sauya lasisin da wanda ya sauya.

Inda mutanenmu suka fi zamewa shi ne lambar da ke bin sunan lasisi. GPL ta 2 ta 1991 daban, ta 3 ta 2007 daban, kuma GPL-2.0-only, wato ta 2 zalla, ba ɗaya take da GPL-2.0-or-later, wato ta 2 ko wadda ta biyo bayanta ba, Linux ma ta 2 zalla yake bi. Kod mai lasisin Apache 2.0 yana shiga aikin GPL 3 amma ba ya haɗuwa da mai 2 zalla. Kuma wallahi abin ba wasa ba ne, MIT abin da take nema ka bar sunan mai shi da rubutun lasisin, GPL kuwa in na miƙa ma mai kemis manhajar sai na ba shi hanyar samun kod ɗinta ƙarƙashin GPL ɗin.

In har yanzu da ruɗani kada ka yi hasashe, ka rubuta ma mai fakej ɗin a shafin aikin inda kowa zai gani, ka jero wuraren da suka saɓa, ka roƙe shi ya faɗi guda ɗaya da sunanta na SPDX, wato gajeren sunan da aka tsayar ma kowane lasisi irin GPL-2.0-only, ya gyara sauran. Ka tambaye shi ko shi kaɗai ya rubuta, don in akwai hannun wasu ba ya da ikon sauya lasisin kasonsu sai da yardarsu.

Kafin amsa ta zo ka ɗauka mafi tsaurin ita ke aiki. Ni sati biyu na jira ban ji komi ba, na cire fakej ɗin na sa wani mai MIT ƙarara, na kwafe lasisinshi cikin folda ɗin aikin.