Yadda ake kiran fankshin na asali na PHP daga cikin namespace

Tun fitowar PHP 5.3 a 2009 ake iya rubuta `namespace App\Kaya;` a saman fayil, sai duk fankshin ko aji (class) da ka ƙirƙira a ƙasa ya zama ɗan wannan namespace ɗin, wato wani zaure na sunaye. Su kuwa `strlen`, `count` da `time` suna can waje, a babban filin da harshen ya ajiye su.

Mataki na farko, ka san hanyar da PHP ke bi. In ka rubuta `strlen($suna)` haka kawai, za ta fara leƙa zaurenka ko akwai `App\Kaya\strlen`. In babu, ta fita babban fili ta ɗauko na asali. Shi ya sa wani zai shekara yana rubutu bai san ana wannan zagayen ba.

Na biyu, in na asalin kake so kai tsaye, sa karkatacciyar sanda a gabansa: `\strlen($suna)`. Amfaninta na fitowa fili ne ranar da ka raɗa wa naka fankshin sunan na asali:

```
namespace App\Kaya;

function strlen($s) {
    return \strlen(trim($s));
}
```

Cire sandar nan ka ga ikon Allah. Fankshin zai yi ta kiran kansa ba tsayawa, har shirin ya faɗi.

Na uku, in sanduna sun yi maka yawa, daga PHP 5.6 ta 2014 kana iya rubuta `use function strlen;` sau ɗaya a sama, shi ke nan. Ni wannan na fi so, don mai karatu yana buɗe fayil zai ga abin da aka jingina da shi.

Akwai kuma ɗan ribar sauri. Daga PHP 7, wasu fankshin irin su `strlen` da `is_array` ana mayar da su gajeren umarni tun lokacin harhaɗa shirin, amma sai PHP ta tabbata na asalin ake nufi. A cikin zaure, sanda ko `use function` ne ke ba ta wannan tabbacin. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, sai a madaukin da ke juyawa sau miliyoyi. Masu gwajin manhaja ma sukan bar `time()` ba sanda da gangan, don su musanya shi da na bogi a zauren.

Na ƙarshe, kuma nan ne ake yawan faɗawa rami: sassaucin nan na fita babban fili in an rasa a zaure na fankshin ne da ƙimomin da ba sa canzawa (constants), ban da aji. `new DateTime()` a cikin zaure zai nemi `App\Kaya\DateTime`, ya rasa, ya tsaya da kuskure. Wannan ma da sauƙi, tunda ya yi ƙara. Mugun shi ne `catch (Exception $e)`: PHP ba za ta ce uffan ba, kuskuren zai wuce ta gabansa bai kama ba, kai kuwa kana can kana neman laifi a wani wurin. Rubuta `\Exception`, ko ka sa `use Exception;` a sama.