Yadda za ku shirya godiyar kaka a coci, hatsin ya kai ku har marka

To 'yan'uwa, kaka ta ƙaraso, nan da 'yan makonni magatakarda zai miƙe lokacin sanarwa ya ce ran Lahadi kaza ce godiyar kaka, kowa ya zo da abin da Ubangiji ya ba shi a gona. Ni na daɗe ina riƙe littafin kwamitin taimako a cocinmu, mun sha tuntuɓe kafin mu gane bakin zaren, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda muke yi yanzu ko wani zai tsinci abin amfani. Ko ku 'yan ECWA ne ko COCIN ko EYN ko HEKAN ko Baptis, sunan majalisa ne kawai ya bambanta, yunwar watan takwas kam iri ɗaya ce.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne kada ku rabar da kayan duka a Kirsimeti. A Disamba hatsi na araha, ko gwauruwar da ba ta da kowa ta ɗan yi kala a gonakin mutane, maƙwabta kuma suna aiko da shinkafa da nama. Wahala tana can gaba, Yuni da Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya koma fanko, sabon amfani bai nuna ba, mudu ya yi tsada, ga kuɗin taki ga zazzaɓin yara. Wata shekara mun raba kayan godiya kaf ran jajibirin Kirsimeti, aka yi waƙa aka yi hotuna kowa na murna, sai ga shi a watan Yuli wata tsohuwa ta tsaya bayan sujada, tana ta gyara ɗaurin kallabinta har kowa ya watse, sannan ta matso ta ce min a hankali, "Ɗana, ko akwai sauran masarar nan?" Na ce "Mama, babu ko ƙwaya." Ta ce ba komai, Allah ya yi albarka, ta juya. Tun ranar nan muka sake tsari.

Ku fara da kwamiti tun kafin a sa rana, ba bayan buhuna sun taru a gaban bagadi ana tambayar wa ke da makulli ba. Ai ko a Ayyukan Manzanni sura 6 rigimar rabon abinci ce ta sa aka zaɓi mutum bakwai, don ana tsallake wasu gwauraye wajen rabo. Ba sai kun kai bakwai ba, biyar ma sun isa, amma lalle a sa dattijo ɗaya, matashi ɗaya mai ƙarfin ɗaukar buhu wanda kuma ya iya rubutu, sannan mata biyu aƙalla daga Zumuntar Mata. Wannan na ƙarshen ba na wasa da shi. Matan zumunta su ne ke shiga har cikin ɗaki in sun je gaisuwa, su suka san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, mu maza iyakarmu zaure, a ce mana lafiya lau mu dawo. Baba Fasto kuma ku bar shi a gefe yana ba da shawara yana addu'a, kada ku ɗora masa makullin sito, don ranar da mudu ɗaya ya ɓace sunansa za a fara kira kuma ba shi da laifi.

In cocinku na cikin waɗanda fasto ko mai bishara ke da kaso a kayan godiya, ko akwai abin da ake kai wa gunduma, to a yanke wannan a majalisar dattawa tun farko a rubuta, a sanar wa ikilisiya. Abin da ya rage shi ne na taimako, kowa ya san iyakarsa.

Sai maganar jerin sunaye, nan ne ake samun ɓacin rai. Kada a ce masu bukata su ɗaga hannu ko su zo su yi rajista, wanda ya fi kowa bukata ba zai zo ba, wanda zai fara zuwa shi ne mai bakin magana. Kwamiti su zauna su bi unguwa unguwa, gida gida, su rubuta. Kuma ba kowace gwauruwa ce mabukaciya ba fa, akwai wadda 'ya'yanta ke Abuja suna aiko mata duk wata, akwai kuma matar da mijinta na raye amma shekara biyu ke nan yana kwance. Bulus ma a 1 Timoti sura 5 ya ce mai dangi danginsa su fara ɗaukar nauyinsa don ikilisiya ta samu ta kula da waɗanda ba su da kowa. Ku rubuta yawan bakin da ke ci a gidan, don tsohuwa mai riƙe da jikoki marayu shida ba daidai take da mai zaman kanta ita kaɗai ba. Ku sa waɗanda rikici ya koro suka sauka a garinku, tun 2014 da aka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi ta jihar Adamawa mutane suka watsu zuwa Yola da Jos da sauran wurare mun ga yadda manomi mai rumbu uku ke wayar gari ba shi da ko kwano, kuma irinsu kunya ba ta barinsu su roƙa. Littafin sunayen nan a hannun mutum biyu kawai zai zauna, ba a karanta shi a coci.

Wajen sanarwa ku faɗa wa mutane abin da kuka fi so, ba laifi ba ne. Masara, dawa, gero, wake, shinkafa, gyaɗa, acca in kuna wajen Filato ko kudancin Kaduna, su ne masu jure ajiya. Doya da dankali da kabewa da rake da kaji a karɓa da godiya amma ba za su kai damina ba. Ma'aikata da 'yan kasuwa da ba su yi noma ba su kawo kuɗi a ambulan, da kuɗin nan za ku sayi ƙarin hatsi tun yana araha, da buhunan ajiya. Ku lura kuma da ranar da za ku sa, masara da gero suna riga dawa shigowa gida, in kuka yi gaggawa masu dawa za su zo hannu rabbana.

Ranar sujadar kanta ba sai na koya muku ba, kun fi ni iyawa. A fito ƙungiya ƙungiya, mawaƙa, matasa, 'yan makarantar Lahadi da ɗan goyon masararsu a hannu, mata da kwanduna a ka ana buga tulu ana kaɗa caki. Abu ɗaya kawai, kada mai riƙe da makirfo ya riƙa cewa wane ya kawo buhu biyu a tafa masa, don mai mudu ɗaya na tsaye a bayansa a layi. Abubuwan da ba sa ajiyuwa a yi gwanjonsu bayan sujada, mutum biyu su ƙirga kuɗin a gaban ma'aji, su sa hannu. Hatsi kuma a auna shi ranar, ba gobe ba, da mudu ɗaya wanda kowa ya yarda da shi, a rubuta.

Yanzu ga inda aikin yake, ajiya. Hatsin da aka tara daga gidaje daban-daban bushewarsa ba ɗaya ba ce, wani ya kwana biyu a rana wani jiya aka sussuke shi, in kuka haɗa kuka ɗaure haka nan fumfuna za ta kama duka. Ku baza a tamfol a filin coci kwana biyu ko uku, matasa su riƙa juyawa suna korar awaki, mata su sheƙe su tsince. Gwajin bushewa kuwa mai sauƙi ne, ka ciji ƙwaya, in ta fashe ƙaras to ta yi, in haƙori ya nutse da saura. Ko a samu busasshiyar kwalba a zuba hatsin da busasshen gishiri a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar akwai danshi, a mayar rana.

Wake shi ne mai ba da ciwon kai. Mun taɓa ajiye buhunsa a kusurwar ofis, da muka buɗe wajen Ista sai gari da ƙwari ke tashi, kowace ƙwaya da hujinta, kaji ma da ƙyar suka ci. Ku nemi buhun nan mai rufi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue a Amurka suka ƙirƙiro tun farko saboda wake, leda biyu ne a ciki da buhun saƙa a waje, iska ba ta shiga sai ƙwarin su mutu da kansu ba tare da magani ba. Amma sai an duba ledar ba ta huje ba, a matse iskar, a ɗaure kowane rufi daban, kuma kada wani ya riƙa buɗewa yana leƙawa. In ba ku samu ba, jarka mai murfi mai kyau a wanke ta bushe sarai a cika ta maƙil a toshe, ita ma tana yi. Ƙwayar maganin nan da 'yan kasuwa ke jefawa cikin buhu ni dai ba na so a coci, iskar da take fitarwa guba ce, tana iya kashe mutum in ana kwana a ɗakin, mu kuwa sitonmu bango ɗaya ya raba shi da ajin yara.

Buhu kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, a jera katako a ɗora, saboda laima da gara. A toshe ramin ɓera, a duba kwanon rufi tun kafin ruwan farko. Kwaɗo biyu a ƙofa, makulli ɗaya wurin dattijo ɗaya wurin uwar zumunta, ba mai shiga shi kaɗai. Wani zai ce ashe ba a yarda da juna ba ke nan, sai in ce masa ya duba 2 Korintiyawa sura 8, Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar shi kaɗai ba, sai da aka haɗa shi da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa don kada a samu abin zargi.

Rabo mu kashi uku muke yi amma ba daidai wa daida ba. A ce kun tara buhu goma, biyu su tafi Kirsimeti, musamman shinkafa da ɗan mai da gishiri don kowane gida a ji ƙamshin biki. Ɗaya a ware don abin da ba a shirya masa ba, gobara, rasuwa, mai jinya a asibiti, baƙin da suka kwana a hanya. Sauran bakwai ɗin a manta da su sai damina, a raba sau biyu ko uku, ƙarshen Yuni, Yuli, sai tsakiyar marka. Za a matsa muku fa, taron mata zai zo a ce a ranta buhu ɗaya a mayar, taron matasa ma haka, ginin coci zai tsaya a ce a sayar tunda farashi ya hau. Rancen nan ban taɓa ganin ya dawo ba. Ku ce majalisa ta riga ta rubuta, shi ke nan.

Makon Ista lokaci ne mai kyau na duba sito a ga ko akwai abin da ya taɓu, a kuma sake bin jerin sunaye don wani ya samu sauƙi wani kuma ya shiga. A nan ne kuma za a tambayi gwauraye masu gona wa ke bukatar iri, matasa su sa ranar gayya su yi musu huɗa da noman farko, wannan ya fi mudu goma amfani a wurinsu.

Wajen kaiwa, don Allah kada a kira mutum gaban ikilisiya ya durƙusa ya karɓa ana ɗaukar hoto a sa a Facebook. Yesu ya ce hannun hagu ma kada ya san abin da dama ke yi. Mutum biyu su je gidan da yamma kamar gaisuwa, a zauna a tambayi lafiyar yara, a yi addu'a, a ajiye ƙullin a bayan ƙofa a tashi. In gidan mace ce ita kaɗai, mata su je.

Maƙwabcin da ba ɗan coci ba shi ma yana cikin lissafi, Musulmi ne ko mai bin gargajiya, tsohon da ke zaune bayan katangarku yunwa ba ta tambayarsa addini. A ba shi ba tare da sharaɗin sai ya zo sujada ba. Gara ma a bi ta hannun mai unguwa ko wani dattijon da suke girmamawa don kada a yi wa abin wata fassara. In za a haɗa da naman Kirsimeti kuwa, a kira mahauci Musulmi ya yanka kamar yadda iyayenmu ke yi, don kowa ya ci hankali kwance, su ma ai ba sa manta mu da naman layya.

Lahadi ɗaya kafin godiyar baɗi, magatakardan kwamiti ya tashi ya karanta rahoto, buhu nawa ya shigo, kuɗin gwanjo nawa, gida nawa aka kai wa a wane wata, nawa ya lalace in akwai, ba sunan kowa. Sannan a zazzage buhunan PICS ɗin a duba waɗanda suka huje a ware su, a share sito a bar ƙofa a buɗe ya sha iska kafin sabon hatsi ya shigo.