Yadda Ake Ziyartar Ƙasar Zapotek a Kudancin Meziko

Zapotek al'umma ce da ke zaune a jihar Oaxaca, wadda ake furtawa Wahaka, a kudancin Meziko. Kusan mutum rabin miliyan ne ke magana da harshensu a yau, kuma daga cikinsu aka samu Benito Juárez, wanda aka haifa a ƙauyen Guelatao a 1806 ya kuma shugabanci ƙasar daga 1858 har rasuwarsa a 1872. Masu yawon buɗe ido da yawa sukan tsaya ga kufai, su ɗauki hoto su koma otal. Wannan asara ce babba, domin jikokin waɗanda suka gina kufan suna nan a ƙauyukan da ke kewaye, suna saƙa, suna rini, suna ginin tukwane. Ga yadda za ka tsara tafiyarka ta kai ka har ƙofar gidajensu.

Mataki na 1: Takardu da lokaci

Akwai ofishin jakadancin Meziko a Abuja, can ake neman biza. Daga birnin Meziko zuwa garin Wahaka, babban birnin jihar, tafiyar kamar awa 1 ce a jirgin sama, ko awa 6 zuwa 7 a babbar motar safa. Garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,550, saboda haka ka riƙo rigar sanyi don dare. Rani, daga Nuwamba zuwa Afrilu, ya fi daɗin yawo. Mai son biki kuwa sai ya nufi ƙarshen Yuli, lokacin Guelaguetza, inda yankunan jihar ke fitowa da raye-rayensu da tufafinsu a ranakun Litinin biyu, amma fa masauki yakan yi tsada.

Mataki na 2: Bi ranakun kasuwa

Kafin ka yanke ranar zuwa ko'ina, rubuta wannan: Laraba Etla, Alhamis Zaachila, Juma'a Ocotlán, Lahadi Tlacolula. Kowace kasuwa tana kan hanyar wasu ƙauyukan masu sana'a, sai ka haɗa su rana guda. Motocin haya na gama-gari, waɗanda suke kira colectivo, suna zuwa duk wuraren nan da kuɗi kaɗan. Idan rana ɗaya kawai za ka samu, to ka zaɓi Lahadi a Tlacolula. Can za ka ji ana ciniki da harshen Zapotek, ka ga mata da kallabi masu furanni sun sauko daga tsaunuka da talotalo da barkono da duwatsun niƙa.

Mataki na 3: Fara da Monte Albán, da sassafe

Monte Albán kufan tsohon birnin Zapotek ne, kimanin kilomita 10 daga garin Wahaka. An kafa birnin wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, kuma mutanen sun daddatse kan dutse ne suka baje shi da hannu, suka yi fili mai faɗi da dalaloli kewaye da shi. Ya yi sama da shekara 1,000 yana mulkin kwarin. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1987 tare da tsohon garin Wahaka. Inuwa ta yi ƙaranci a can, don haka ka isa da zarar an buɗe, da hula da ruwa. Da yamma ka shiga gidan tarihi na Santo Domingo a cikin gari, inda aka ajiye zinare da kayan ado da masanin kayan tarihi Alfonso Caso ya haƙo daga Kabari na 7 a 1932. Zapotek ne suka gina kabarin, amma dukiyar ta maƙwabtansu Mixtek ce, waɗanda suka sake amfani da shi daga baya.

Mitla kuma, wani tsohon kufai da ke kilomita kusan 45 gabas da gari, ka bar ta zuwa ranar Tlacolula. Bangayenta an yi musu ado da dubban ƙananan duwatsu da aka sassaƙa aka jera ba tare da abin liƙi ba. Ka kalli zanen da kyau ka riƙe shi a ranka, domin za ka sake ganinsa a kan dardumomi.

Mataki na 4: Ba masaƙan Teotitlán wuni guda

A nan ne nake roƙon kada ka yi gaggawa. Teotitlán del Valle na da nisan kusan kilomita 30 daga gari, kuma da wuya ka wuce gida ba ka ji ƙarar saƙa ba. Mutanen sun iya saƙar auduga tun kafin zuwan Turawan Sifaniya, su kuwa Turawan suka kawo tumaki da saƙar da ake takawa da ƙafa a ƙarni na 16. Ka shiga gidan da iyali ke aiki, ka yi gaisuwa, ka nemi a nuna maka tun daga wankin gashin tumaki, da taje shi, da kaɗi, har zuwa rini.

Rinin ne abin kallo. Ja yana fitowa daga wani ɗan ƙwaro, cochinilla, da ke rayuwa a kan tsiro mai ƙaya da suke kira nopal. A busar da shi a niƙa, sai ya ba da ja mai zurfi. Masaƙi zai shafa maka garin a tafin hannu, ya ɗiga lemon tsami ka ga ya koma ruwan lemo, ya zuba soda ka ga ya koma shunayya. A zamanin mulkin Sifaniya, bayan azurfa, ƙwaron nan yana cikin kayan da suka fi kawo kuɗi daga Meziko. Rawaya daga furen pericón take, ruwan ƙasa daga ɓawon gyaɗar bishiya. Shuɗi kuwa baba ne, kuma wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano zai gane warin tun daga zaure, zai kuma san dalilin da zaren ke fitowa kore kafin iska ta mayar da shi shuɗi.

Ba kowace darduma ce aka rina da waɗannan ba. Akwai ta sinadarin kanti, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Tambayi mai ita kai tsaye, ka nemi ganin tukwanen rinin. Idan direba ya nace sai gida kaza, ka sani galibi yana da kamasho, wanda kuma daga kuɗin masaƙi ake cire shi. Ana taya kaya, amma da kunya: darduma matsakaiciya aikin makonni ce, kuma raba farashinta biyu cin zali ne. Ka riƙe tsabar kuɗin peso, ka kuma nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa.

Mataki na 5: Hanyar kudu, ranar Juma'a

A San Bartolo Coyotepec ake yin baƙaƙen tukwane. Wata mata, Doña Rosa, ce ta gano a shekarun 1950 cewa goge yumɓu da farin dutse kafin gashi yana sa shi ƙyalli. Masu ƙyallin na ado ne, ba sa riƙe ruwa. Gaba kaɗan akwai San Martín Tilcajete, masu sassaƙa dabbobi masu launi daga icen copal, sai Santo Tomás Jalieza, inda mata ke ɗaure saƙa a ƙugu suna yin ɗamara da jaka. Daga nan ka ƙarasa kasuwar Ocotlán.

Mataki na 6: Ci da sha, da lura

Musulmi ya buɗe ido a nan, domin kitsen alade yana ɓoye cikin abinci da yawa. Tlayuda, babbar gurasar masara da ake shafa wa wake da cuku, bisa al'ada ana fara shafa mata asiento, wato kitsen alade. Ka ce "sin asiento", wato ban da asiento. Ga wake, da tamales (ƙullun masara da ake turarawa a ganye), da miyar mole, tambayi ko an sa "manteca", wato man alade. Cecina da chorizo na Wahaka alade ne. Tasajo naman sa ne, sai dai yankan ba na Musulunci ba ne, saboda haka kifi, ƙwai da cuku sun fi kwanciyar hankali.

Duk da haka ba za ka kwana da yunwa ba. Idan ka sami mole negro da aka yi da man girki, kada ka bar shi: baƙar miya ce ta gasasshen barkono da ridi da kayan ƙamshi da ɗan cakulan, wadda ake wuni ana haɗawa. Akwai fara soyayya da lemon tsami da tafarnuwa, chapulines, jibge a kasuwar Benito Juárez. Abin sha kuwa, nemi tejate, wanda matan San Andrés Huayapam suka shahara da shi: masara, 'ya'yan koko da ake cakulan da su, ƙwallon ɗan itacen mamey da wani fure, a dama da hannu har kumfa ta taso, a sha da sanyi a ƙoƙo. Agua de jamaica zoɓo ne, kuma Meziko tana cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a arewacin Najeriya.

Mezcal, da za a yi ta miƙo maka musamman a wajen Santiago Matatlán, barasa ce mai ƙarfi da ake tatsa daga tsiron agave. "No tomo alcohol, gracias", wato "ba na shan barasa, na gode", ta wadatar, ba wanda zai ji haushi.

Mataki na 7: Ɗaurin kaya

Darduma a naɗe ta, kada a ninke. Tukwane ka cusa musu tufafi a ciki da waje ka riƙe su a jakar hannu. Karɓi sunan masaƙin da lambar wayarsa, domin da yawansu suna karɓar oda ta WhatsApp suna aikawa ƙasashen waje.