Yadda Ake Aiki da Layin x da Layin y, Daga Takardar Giraf Zuwa Takardar Fili

Duk ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO a Jos zai ci karo da tambayar da ke buƙatar takardar giraf, kuma mafi yawan makin da ake asararsa a nan ba wahalar lissafin ce ke cinye shi ba, rashin shimfiɗa layukan da kyau ne tun daga farko. Tsarin layin x da layin y ya samo asali ne daga aikin masanin Faransa René Descartes da aka buga a 1637, duk da cewa Pierre de Fermat ma ya kai ga irinsa a wannan zamani. Amfaninsa shi ne mayar da wuri lambobi, ta yadda abin da ido ke gani za a iya lissafa shi.

A fara da jan layi biyu da suka gitta juna a kusurwa mai digiri 90. Na kwance shi ne layin x, na tsaye kuma layin y, mahaɗarsu ita ce sifili ga kowannensu. Daga mahaɗa lambobi suna ƙaruwa zuwa dama da zuwa sama, na hagu da na ƙasa kuwa suna ɗauke da alamar ragi. Kafin a ɗiga komai sai a duba lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta a cikin tambayar, domin su ne za su nuna inda mahaɗar za ta zauna. Idan babu lamba mai ragi ko ɗaya, kafa mahaɗa a tsakiya ɓarnar kashi uku cikin huɗu na takardar ce. Sannan a zaɓi ma'auni, misali santimita 2 a madadin lamba 1, a riƙe shi har ƙarshen layin. Ma'aunin x yana iya bambanta da na y, amma ba ya canzawa a tsakiyar layi guda.

Kowane ɗigo yana da lambobi biyu, kamar ramin dara da ake gane shi da jerin da yake ciki a kwance da kuma a tsaye. Ɗigon (2, 1) na nufin a taka biyu zuwa dama, sannan a hau ɗaya. Ta x ce kullum a gaba, kuma wanda ya juya su ya ɗiga (1, 2), wanda wani wuri ne dabam.

Da zarar an sami ɗigo biyu, sauran aikin ragi ne. A ɗauki A a (2, 1) da B a (8, 9). Tazararsu a kwance 6 ce, wato 8 a cire 2, a tsaye kuma 8 ce, wato 9 a cire 1. Waɗannan tazara biyu tare da layin da ya haɗa A da B sun zama alwatika mai kusurwar digiri 90, don haka ƙa'idar Pythagoras, wadda ke fitar da tsawon gefe mafi tsawo daga sauran gefuna biyun, ta shigo: 6 sau 6 ya ba da 36, 8 sau 8 ya ba da 64, jimilla 100, lambar da ake ninkawa da kanta ta ba da 100 kuwa ita ce 10. Tsawon layin ke nan, ba tare da an ɗora rula a kansa ba. Gangarar layin ana samun ta idan aka raba tazarar tsaye da ta kwance, 8 bisa 6, wato 4 bisa 3, ma'ana duk taku uku a kwance layin yana hawa huɗu. Tsakiyarsa kuma (5, 5) ce, idan aka haɗa lambobin x aka raba biyu, aka yi wa na y haka.

A kimiyyar fiziks ne tsarin ya fi nuna ƙarfinsa, domin yana ba da damar a raba motsi ɗaya gida biyu, a bi kowanne shi kaɗai. A ce yaro yana tsaye a kan wani dutse mai tsayin mita 20, irin waɗanda suka cika gefen Jos, ya wurga tsakuwa a miƙe gabansa da gudun mita 8 a daƙiƙa. A kafa mahaɗa a gindin dutsen, sai tsakuwar ta fara daga (0, 20). Idan aka yi watsi da turjiyar iska, babu abin da ke ƙara mata gudu ko rage shi a kwance, saboda haka x shi ne 8 sau adadin daƙiƙoƙi. A tsaye kuwa ƙasa tana jan ta, gudun faɗuwarta yana ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, wanda a jarrabawa akan ɗauka a matsayin 10, don haka nisan faɗuwar shi ne 5, wato rabin 10, sau daƙiƙoƙi sau daƙiƙoƙi. Bayan daƙiƙa ɗaya ta faɗo mita 5, tana (8, 15). Bayan daƙiƙa biyu ta faɗo mita 20 cif, ta taɓa ƙasa a (16, 0). Idan aka haɗa ɗigon nan uku da hannu, za a ga lanƙwasar da Galileo ya bayyana a 1638. Abin lura shi ne da yaron ya saki tsakuwar kawai bai wurga ba, da daƙiƙa biyun dai za ta yi kafin ta sauka, domin gudun kwance ba ya shiga lissafin layin y ko kaɗan. A ganina wannan ne darasin da ya kamata malami ya daɗe a kansa, tun da shi ne ya fi saɓa wa abin da hankali ke fara raya wa mutum.

Mai shirin sayen fili a Rayfield ko Bukuru ma yana iya cin moriyar wannan. Takardar safiyo tana nuna duwatsun siminti da aka kafa a kusurwoyin filin, kuma lambobin da ake ba su na gabas da na arewa ne a ma'aunin mita: na gabas shi ne x, na arewa shi ne y. A duba harafin da ke jikin kowace lamba, E ko N, domin safiyo yakan rubuta ta arewa a gaba. Idan bambancin duwatsu biyu mita 9 ne a gabas, 12 a arewa, to 81 da 144 sun haɗa 225, tsawon wannan gefen mita 15 ke nan, kuma ana iya jan tef a filin a gwada. Sai dai a tabbatar lambobin duka a kan tsari ɗaya suke, domin taswirorin Najeriya da yawa an gina su a kan tsarin ba wurare lambobi da ake kira ma'aunin Minna, na'urar GPS ta wayar hannu kuwa tana aiki da wani tsari na duniya mai suna WGS 84, kuma haɗa lambobin biyu ba tare da safiyo ya daidaita su ba yana iya gusar da ɗigo da mitoci masu yawa, har ya faɗa cikin filin maƙwabci.